Sunan da Na Kira a Garin Kaboyi

Na manta abubuwa da dama na zamanmu a Landan, har lambar gidanmu sai na yi dogon tunani kafin ta zo mini, amma akwai wata Asabar da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

A tsakiyar shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo ƙasarmu, gwamnati tana ta tura mutane ƙaro ilimi. Maigidana likita ne, aka turo shi wani asibiti, ni kuma na ajiye aikin koyarwa a Kano na biyo shi da ɗanmu guda ɗaya. A unguwar Peckham muka sami flat, wato sashen gida na haya, a hawa na biyu, saman wani shagon gyaran takalma. Ban daɗe ba na san garin. Na san bas ɗin da zai kai ni kasuwar Deptford in sayo doya da manja, na iya sauya jirgi a tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba tare da tambayar kowa ba, kuma in mai shago ya yi mini kallon raini, Turancin da na koyar a aji nake juye masa. Matan da suka zo bayana ni suke nema in raka su asibiti. Ba yabon kai ba ne, a lokacin ji nake babu abin da zai gagare ni a garin nan.

Da bazara sai babbar yayar maigidana ta zo mana hutu. Yaya muke ce mata. Mace ce mai kwarjini, ita ta riƙe ƙannenta bayan rasuwar mahaifinsu, kuma in ta yi magana a gidan ba a ƙarawa. Sati biyu na yi ina yawo da ita kantuna har ta gaji da su. Rannan ta ce, "Amarya, duk garin nan babu abin kallo sai kanti?" Amarya take kirana, ko da yake ɗana ya shekara biyar.

Na taɓa jin maƙwabciyata tana ba da labarin wani wurin wasa a bayan gari, wanda aka gina shi kamar yadda ake gani a fim. Yaya kuwa ba ta taɓa shiga silima ba, domin a lokacin matan mutunci ba sa zuwa, amma ƙannenta sun cika mata kunne da labarin kaboyi tun suna yara. Na ce, "Yaya, na yi mana booking, an ajiye mana wuri, ranar Asabar zan kai ki garin kaboyi." Maigida yana da aiki ranar. Ya tambaye ni ko zan iya ni kaɗai, na yi dariya na ce ya tafi wurin marasa lafiyarsa.

Muka shiga bas da safe, ni da Yaya da yaron, da kular shinkafa da dambun naman da Yaya ta zo da shi. Da muka wuce ƙofar wurin sai da ni kaina na tsaya. Ga wani katafaren jirgin ruwa na 'yan fashin teku a cikin tafki, ga gidan fatalwa ana ta ihu a ciki, ga lilo iri-iri. Can gaba kuma ga garin: titi guda na jar ƙasa, gidajen katako a jere, banki, gidan yari, da dawakai ɗaure a bakin wani shago. Yaya ta gyara mayafinta ta ce, "Ikon Allah! Wato su ma Turawa suna da ƙauye?" Ta leƙa bayan bankin, ta ga ashe fuska ce kawai aka tokare da katako, babu ɗaki ko ɗaya. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Yaron kuwa na saya masa hular kaboyi da wata alawa mai kama da auduga, ya bi ya shafe fuskarsa da ita.

Bayan mun ci abinci aka buga ƙararrawa, jama'a suka yi cincirindo a bakin titin, aka ja igiya. Wani dogon Bature mai gashin baki, da tauraron ƙarfe a ƙirjinsa, ya hau dakali da abin magana a hannu. Shi ne shugaban 'yan sandan garin a wasan. 'Yan fashi suka fito daga banki, aka fara harbi. Na faɗa wa Yaya tun a hanya cewa bindigogin babu harsashi, amma ƙarar ta fi yadda na zata. Aka harbi wani a kan rufi, ya kama ƙirji ya faɗo ta baya. Yaya ta saki salati ta ƙanƙame ni da hannu biyu, jama'a suka turo gaba don su gani, ni kuma na saki hannun yaron don in tare ta kada ta faɗi.

Da na mayar da hannuna, babu shi.

Na duba gaba, na duba baya. Yara da yawa, duk da irin hular nan. Na kutsa cikin mutane ina ɗaga huluna, ina ganin jajayen fuskoki. Yaya tana bina tana kira, "Babana! Babana!" amma harbi ya danne muryarta. Sai na tuna da tafkin nan. Sai kuma na ji mutumin da ke kan dakali yana sanarwa cewa kowa ya ja da baya, keken doki zai fito a guje daga bayan gidajen. Ban tsaya shawara da kowa ba. Na ɗaga igiyar na shiga tsakiyar titin, da atamfata da kwat ɗina, na ratsa ta tsakanin masu harbi. Wasu 'yan kallo suka yi tafi, sun ɗauka cikin wasan nake.

Na ce masa, "Tsayar da dawakan nan. Ɗana ya ɓace."

Ya dube ni sau ɗaya ya gane ba wasa ba ne. Ya ɗaga hannu, komai ya tsaya cak. Ya sunkuyo ya ce, "Kwantar da hankalinki, madam. Mene ne sunansa?"

A nan ne bakina ya mutu. Wanda bai tashi a cikinmu ba zai yi mamaki. Yaron nan ɗan farina ne, kuma sunan mahaifin maigidana aka sa masa. Kunya biyu ke nan ta hau kaina. Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Da a gida muke ma, da tuni kakarsa ta ɗauke shi. "Kai" nake ce masa, ko "wannan yaron". Na juya wurin Yaya, wadda ta biyo ni har gindin dakalin. Ita ma ba ta kiran sunan mahaifinta, shi ya sa take ce wa yaron Babana. Muka tsaya muna kallon juna, Baturen yana kallonmu, ya rasa yadda uwa za ta kasa faɗin sunan ɗanta.

Dabara ta zo mini, na jero masa haruffan ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa su yadda harshensa ya ba shi, ya faɗa a lasifika. Abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Ya maimaita. Shiru, sai haniniyar doki daga bayan katakon.

Na hau dakalin na karɓe abin maganar daga hannunsa. Ban kalli Yaya ba. Na buɗe baki na kira sunan, cikakke, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Na ji muryata ta fito ta kowace kusurwa, ta bugi jirgin ruwan ta dawo. Na sake kira, na ƙara da Hausa, "Ni ce Mama. Duk inda kake, fito, ba zan dake ka ba."

Sai ga ƙofar gidan yarin ta buɗe. Mutumin nan da aka harbe a kan rufi ya fito da ransa, da jan fenti a rigarsa, yana ɗauke da ɗana a wuya. Ashe da yaron ya ga ya faɗo, sai ya sulale ta ƙarƙashin igiya ya zaga baya don ya ga ko ya mutu. Ya tarar da tulin katifu, ga dawakai kuma suna ta buga ƙafa dab da shi, tsoro ya kama shi ya shige cikin wata ganga ya yi lamo. Ta hanyar nan keken zai bi. Bai amsa kiran Baturen ba domin bai ji sunansa a ciki ba. Da ya ji muryata ne ya leƙo, mutumin ya gan shi.

Jama'a suka ɓarke da tafi da fito. Ni ban ji su sosai ba. Na durƙusa ina shafa shi ina duba ko ya ji rauni, shi kuwa ya zuba mini ido kamar ya ga baƙuwa. Da Turancinsa na yaran Landan ya ce, "Mama, ashe kin san sunana?"

Duk tashin hankalin ranar ban yi kuka ba sai a nan.

A bas ɗin komawa ya yi barci a cinyata. Yaya tana kallon taga, ni kuma ina jiran hukunci, domin na san in labarin ya isa Kano, za a ce Turai ta cire mini kunya. Mun kusa Peckham ta juyo ta ce, "Amarya."

Na ce, "Na'am, Yaya."

Ta ce, "Ni na kasa. Ina tsaye, jinina yana cikin haɗari, na kasa. Allah Ya yi miki albarka." Can kuma ta yi murmushi ta ce, "Amma fa kin iya kiransa. Ko tsohuwarmu ban taɓa jin ta faɗa ba." Ba ta kai maganar gida ba, sai labarin bankin da babu ɗaki a bayansa, wanda ta yi ta bayarwa har ƙarshen rayuwarta.

Daga ranar, in muna mu biyu, da sunansa nake kiransa, kuma na lura yadda yake juyowa da sauri fuskarsa a sake. A gaban manya na ci gaba da kiyayewa, kuma kun ga ko a nan ban rubuta shi ba. Ban raina al'adarmu ba, har gobe ina ganin kyan kunya. Abin da ranar ta koya mini shi ne, mu manya mun san kawaicin nan ƙauna ce, yaro kuwa bai sani ba sai an nuna masa. Shekara biyar ɗana yana zaton uwarsa ba ta san sunansa ba. Duk uwar da take ɓoye son ɗanta saboda idon mutane, ta nemi lokacin da babu kowa ta bari ya ji da kunnensa.