Ranar da Muka Yi Gaggawar Binne Yayana

Shekarun baya can, ƙasar nan ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, muna zaune a unguwar Nima, a wani gidan haya kusa da babbar kwata. Ni da mahaifiyata, wadda muke kira Mma, muna sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida. Yayana tela ne, kekensa na cikin wata rumfa a hanyar Maamobi, kuma shi ke riƙe da mu tun rasuwar mahaifinmu. Mutum ne mai sanyin hali. Ni ce dai Allah ya hore wa baki, har Mma takan ce da baki na ɗinki, da na ƙwace masa ciniki.

Famfo ɗaya gare mu a duk layin, kuma kowa ya san ƙa'idarsa. Ka ajiye bokitinka a layi ka tafi harkarka, bokitin ne zai riƙe maka wuri. To akwai wani ɗan sanda a bayan gidanmu, ɗan zango ne kamar mu, wato unguwarmu ta Hausawa da sauran baƙi, sahu ɗaya suke sallah da yayana. Matarsa ba ta bin layi, kuma ba mai iya tanka mata. Ran nan da hantsi ta zo ta ture bokitin wata tsohuwa ta kafa nata. Yayana ya je ɗiban ruwa, ya gani, ya ɗauki bokitin tsohuwar ya mayar inda yake. Wallahi iyakar laifinsa ke nan.

Matar ta koma gida tana kururuwa wai an ci mutuncinta. Mijin ba ya bakin aiki ranar. Ya fito daga shi sai singileti da zane a ƙugu, riƙe da bindigarsa ta farauta. Ina cikin suyar ƙosai na ji ƙara, har na ce ko tayar mota ce ta fashe. Kafin in isa famfo, yayana na kwance a bakin kwata, rigarsa ta jiƙe sharkaf da jini. Ba a kai ga shiga da shi gida ba rai ya yi halinsa.

Nan tsakar gidanmu aka fara gardamar da ta cinye zango daga baya. Abokin yayana, wani direban trotro, wato motar haya, da ya san kan hukuma, ya tare ƙofar ɗaki ya ce kada wanda ya taɓa gawar. A kai ta babban asibiti likita ya duba, ya shaida abin da ya kashe shi, in ba haka ba babu kotun da za ta saurare mu. Kawuna da liman suka ce sam, gawar Musulmi ba ta kwana. Suka ce likita farke shi zai yi, a jefa shi ɗakin sanyi kwana da kwanaki, ba wanka ba sallah. Wasu dattawa kuma suka kawo tasu, wai mai harbin namu ne, kada mu kwance wa kanmu zane a kasuwa, a bar wa sarkin zango ya sasanta. Ni daga cikin mata nake ɗaga murya ina cewa a kai shi asibiti, kawuna ya daka mini tsawa, ya ce mace ba ta sa baki a maganar gawa.

Da abin ya ƙi ƙarewa, aka ce a tambayi uwarsa. Mma na zaune a ƙasa, tun da aka shigo da shi ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dubi direban.

"Ɗana, a ɗakin nan da ka ce, za a rufa masa bargo?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce a'a, Mma.

"Yaron nan tun yana goye ba ya son sanyi. Ku yi masa wanka."

Kafin la'asar an dawo daga maƙabarta.

Washegari direban da kawuna suka je caji ofis. Ashe ɗan sandan ya riga su. Ya ce sama ya harba don ya kori masu neman dukan matarsa, yayana kuma santsi ya kwashe shi, kansa ya bugi bakin kwata. Sufeto ya saurare su tsaf, sannan ya tambaye su ina shaidar likita. Suka kalli juna. Mutanen da ke famfo ranar yawancinsu baƙi ne daga ƙasashen maƙwabta, ba mai son hukuma ta san da zamansa, kowa ya ce ƙara kawai ya ji. Ita tsohuwar, 'yarta ta zo ta kwashe ta zuwa wata unguwa mai nisa da ake kira Malam. Saura malamin da ya yi wa gawar wanka, shi ya ga ramukan harsashi da idonsa. Direban ya je har ya durƙusa masa, malam ya ce abin da mai wanka ya gani amana ce tsakaninsa da mamaci, ba zai kai ta gaban kowa ba. Sufeto ya ce in muna so a tono shi. Ba a sami wanda ya iya faɗa wa Mma wannan maganar ba, har ni mai bakin.

Wata da watanni ba a da wata hira a zango sai wannan. A teburin mai shayi, a cikin trotro, a ƙofar masallaci. Wasu su ce ai ba ya cikin kaki, don haka faɗan maƙwabta ne, ba ruwan gwamnati. Wasu su ce in ba ruwan gwamnati, me ya sa ko kwana ɗaya bai yi a kulle ba, alhali mai satar kaza ma sai ya kwana? Matasa suka ce za su yi gayya su je ofishin, iyayensu suka hana. Ni kuwa duk wanda ya zo sayen koko sai ya sha da wa'azina, har ciniki ya ja baya. Ƙarshenta aka mayar da ɗan sandan wani gari a arewa, wai shi ne horonsa. Ranar da za su tashi ya aiko wa Mma da goro, ta ce a mayar.

Bayan wasu shekaru, maganar ta lafa, direban nan ya dawo daga wata tafiya ya tsaya a ƙofar gidanmu. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya faɗa. Mutumin ya sami ƙarin girma a can, kuma ya sake harbe wani saurayi a tashar mota, kan gardamar wurin zama. Mma na dama koko lokacin. Ta saki muciyar a cikin tukunya, ta zauna a kan turmi.

"Da na bar nawa ya kwana cikin sanyi, da na wata yana raye," in ji ta.

Ranar ce na fara ganin kukanta a kan wannan al'amari, kuma ranar ce haushin da na daɗe ina ji nata ya fita daga raina, tausayi ya maye gurbinsa.

Yau na tsufa, amma duk sanda na ji ana muhawara wai ɗan sanda ya kashe mutum ba a bakin aiki ba, ana ta ko ruwan hukuma ne ko ba ruwanta ba, sai in tuna da yayana. Abin da nake faɗa wa 'yan zangonmu shi ne, a gaggauta binne mamaci gaskiya ne, amma wanda aka kashe a bari a duba shi tukuna, don ba shi kaɗai ke da haƙƙi ba. Ban ga laifin Mma ba, uwa ce, an tambaye ta a lokacin da bai kamata a tambaye ta komai ba.

Har ta koma ga Allah, in ta idar da sallah samari biyu take yi wa addu'a. Ɗaya ta kira sunansa. Ɗayan kuwa sai ta ce, "da yaron tashar nan," don ba ta taɓa sanin sunansa ba.