Allon Shagon Yayana

Sana'ata rubutun allo ce. A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, ni nake rubuta wa mutanen Jibiya allunan shagunansu da bayan manyan motoci masu ƙetarawa Maraɗi. Firamare kawai na gama, amma kalmomin girma na Turanci na san su kamar yunwar cikina, don su ake nema a lokacin. Babu mai yarda a ce shagonsa shago ne kawai.

A jikin kwalaye na tsinci wasu, sauran wani malamin makaranta ya ƙarasa mini. "Big" ta kowa da kowa ce, a faɗa wa akuya, a faɗa wa gari. "Large" ta riga ce da kwalin sabulu. "Huge" sai abu ya kai ka ɗaga kai kafin ka ga ƙarshensa. "Massive" nauyi take so, dutse ko katanga. "Giant" asalinta ƙaton mutum ne na tatsuniya, 'yan kasuwa suka ɗauko ta suka liƙa wa kaya. "Enormous" kuwa, in ji malamin, ta abin da ya wuce misali ce.

Mu ma ai muna da namu: ƙato, gabjeje, jibgege, maƙeƙe, tafkeke. To amma wa ya taɓa jin Bahaushe ya nuna rumbunsa ya ce jibgege? Wani ke faɗa maka, shi ma sai ya bi da tubarkalla saboda tsoron baki. Babanmu yana da gona a Daddara wadda in kana wannan gefe ba ka jin kiran wanda ke wancan, amma ɗan fegi yake ce mata. Shekarar da gero ya yi, in an tambaye shi sai ya ce, "An samu na kunu." Turanci babu ruwansa da wannan. Kai da kanka za ka faɗa, ka sa a rubuta da jan fenti, ka kafa a bakin hanya.

Yayana ne ɗan fari a gidanmu. Ya ga sa'o'insa sun ajiye fartanya sun hau babur, shi ma ya ce noma ya ishe shi. Ya aika a roƙi Baba a yanki gefen gona a sayar, ya gina shago kusa da shingen iyaka. Baba ya ce to. Ba don ransa ya so ba. Kunyar ɗan fari ce: ko sunansa ba ya kira, balle ya zaunar da shi ya yi masa faɗa. In zai ambace shi, wancan yake cewa.

Ranar da ginin ya bushe Yaya ya same ni ina dama fenti, ya ce, "A cikin kalmomin nan naka, wacce ta fi duka?"

Na ce, "Haba Yaya, ɗaki biyu ne fa. Ko ƙaramar aka sa an yi masa alfarma."

Ya ce, "Tambayarka na yi wacce ta fi."

Na rubuta masa "Enormous". Allon ya fi ƙofar shagon faɗi, sai da aka tokare shi da itace.

Da Baba ya shigo cin kasuwa ya tsaya daga nesa yana kallo, ya yafuto ni. "Mi aka rubuta can?" Na fassara masa. Sai ya ce, "Shi da bakinshi ya faɗi haka? Ka ce ma wancan ya sauke." Na kai saƙo. Yaya ya yi dariya har da buga cinya, wai zamanin ɗan fegi ya wuce.

Yawancin masu wucewa ba su iya karatu ba, mutanen Nijar kuma Faransanci suka sani. Amma direbobi suka tambaya, magana ta bazu: wane ya ce shagonsa ya wuce misali. Shi ke nan, ya zama babba, babba kuwa juji ne. Dangi daga Gangara suka fara zuwa neman ragon suna. 'Yan dako na Maraɗi suka mayar da barandarsa masauki, tuwonsu yana wuyansa. Maroƙa suka san hanya. Masu kaki na shinge suka daina karɓar goron ƙaramin ɗan kasuwa a hannunsa. Wanda ya faɗa wa duniya haka da bakinsa, ina zai sami bakin cewa babu? Na ga lokacin da yake jera kwalayen da ba komai a ciki har rufi don kada a ga shagon ya rame. Duk sa'ad da kaya suka ƙare sai a sake aikawa Daddara, Baba ya sake cewa to.

Raina ya ɓaci matuƙa. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, don girman Allah ku yi magana, gonar nan ƙarewa take." Ya kau da kai ya ce, "Ai na aike ka." Iyakar abin da ya iya ke nan. Har yau in na tuna sai haushin su biyun ya kama ni, na rasa wanda zan fi jin haushi.

Gonar ta ƙare kafin kuɗin mai su ƙare. Yaya ya rufe shago ya bi wata mota zuwa Kurmi, can kudu, ko sallama bai yi wa kowa ba.

Da kaka ta zo na hangi Baba a layin 'yan hatsi, ya ɓoye wata 'yar jaka a cikin riga. Mai awon da ya saba sayen geronsa jaki-jaki ya miƙe da fara'a yana cewa, "Baba, sannu da zuwa! Ina aka sauke kayan bana?"

Na laɓe a bayan mota don kada ya san na gani. Daga nan na ji Baba ya rage murya ya ce, "Tiya guda za ka auna mani."