Matar da Ta Wuce Gida Kai Tsaye

Ba mu da tsakar gida a unguwar Hor Al Anz ta Dubai, bare murhu. Wutarmu ita ce shuɗiyar wutar gas ta kicin ɗin da muke rabawa, ni da Ummata mai aikin jinya, da wata tsohuwa 'yar Filifin. Lola muke ce mata, wato kaka a yarensu. Bayan magariba takan ɗora shinkafa, ta jawo wani koren littafin da take rubuta gajerun labarai da Turanci, saboda jikokinta ba sa jin yarenta. Jikokin ba su taɓa neman littafin ba, sai ni na gaje su, ina zaune a kan buhun shinkafa baki buɗe.

Labari ɗaya ne ya hana ni shiga kicin ni kaɗai har na kai shekara goma sha biyu. A garinsu, in ji Lola, idan aka tashi daga gidan makoki ba a wucewa gida kai tsaye. Sai an tsaya a wani shago, an sha ko ruwa ne, an karkaɗe tufafi, don mamacin ya ɓata hanya. To wata mata ta binne uwarta, ta manta ba ta tsaya ba. Washegari ta tarar da kofin tsohuwar a jiƙe. Ta goge, ta kife. Kashegari ma a jiƙe. Ta sayar da gidan, ta haye teku neman aiki, amma duk inda ta sauka, da safe sai ta ga kofi ɗaya da danshi.

"Ba ta ji tsoro ba, Lola?"

"Yalla, maza ci abincinki," takan ce, ta rufe littafin.

Umma kuwa tsaki take ja daga bakin ƙofa. "Lola, ki bar cika min kan yarinya. Wanda ya tafi ya tafi, addu'a kawai yake bukata." Lola sai ta yi murmushi, ta ɗauko wani farin kofi da ba ta yarda kowa ya taɓa, ta goge shi da gefen riga.

Lola ta koma ƙasarsu tuntuni. Umma ta yi ritaya ta koma Kano, kuma bara Allah ya yi mata rasuwa. Bayan sadakar bakwai na dawo Dubai. Direban da ya ɗauko ni daga filin jirgi ɗan zangon Kumasi ne. Da ya ga idanuna, ya ce, "Hajiya, in tsaya ki sha shayi? Kin gaji."

Har na buɗe baki zan ce to, sai koren littafin ya faɗo mini a rai. A nan na gane matar nan ba mantawa ta yi ba. Na kuma gane ko wace ce ita, da na tuna farin kofin Lola.

"A'a, Malam. Wuce gida kai tsaye."

Na san abin da Umma za ta ce, kuma na yi istigfari. Duk da haka na wanke kofin da ta bari a wurina, na goge, na kife. Da safe na same shi a bushe ƙayau, na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi a Kano ba.

Har yau, kafin in ɗora ruwan shayi, sai na taɓa shi.