Ranar da Na Wanke wa Baba Mazubi

Jiya ruwa ya ɗiga mini cikin tafasasshen mai, ya yi tsartuwa, sai na tuna Baba.

Maƙerin azurfa ne a ƙauyenmu, arewa da Dawanau. Ba ya zuba narkakkiyar azurfa a mazubi sai ya gasa shi ya bushe ƙayau.

Shekarar da Turawa suka kwashi samari zuwa yaƙin Bama yake ƙera mini awarwaron aure. Ya gasa mazubin, ya tafi sallar azahar. Na ga toka a ciki, na ɗauraye shi don in burge shi.

Da ya dawo ya zuga wuta har azurfar ta zama ruwa a cikin kasko. Ya ɗago kaskon da awartaki, fuskarsa dab da mazubin. Ina gefe ina kallo, ina tsoron faɗa. Kaskon ya fara karkata.

"Baba, na wanke shi!"

Hannunsa ya tsaya cak.

"'Yar nan," ya ce a hankali, "ɗigon ruwa in ya zama tururi a ƙarƙashin azurfa, idona zai watso wa ita."

Bai sake tayar da maganar ba har ya rasu.

Baba, ka sha zafin wuta dominmu. Allah ya sanyaya makwancinka.