Ajin Kimiyya Ya Cika

A shekarun da na yi ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke bayan kamfanonin Challawa, an ɗora mini muƙami mai dogon suna: malamin ba wa ɗalibai shawara. Ba don na fi kowa hikima aka ba ni ba. Ranar da aka yi rabon ayyuka na tafi ta'aziyya Kumbotso, da na dawo na tarar ya zama nawa.

Yawancin aikin na yini ɗaya ne a shekara, ranar karɓar sababbin ɗaliban babbar sakandare. Da ƙarfe takwas nakan tsaya gaban 'yan matan da iyayensu in yi jawabin da na riga na haddace. Hanyoyi uku ne: kimiyya, adabi, kasuwanci. Bayan shekara uku za a zauna jarrabawar fita. Wadda ke son wucewa gaba sai ta samu kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Kuma ba kowane biyar ba, don kowace makarantar gaba tana da biyar ɗin da take nema. Mai son aikin asibiti dole ta haɗa da Kemistiri da Fizis da Bayoloji. Wadda ta ga ta shiga ajin da bai dace da ita ba tana da zangon farko ta zo a sauya mata, bayan nan ba sauyi. Jawabi ne mai kyau, ko ni nakan ji daɗinsa. Aibinsa ɗaya, sau ɗaya nake yin sa, kuma da safe.

Ajin kimiyya ɗaya muke da shi, saboda ɗakin gwaje-gwajenmu ɗaya ne, shi ma rabinsa sito ne na karyayyun kujeru. Dokarmu ita ce ba a rubuta yarinya a aji sai ubanta ko waliyyinta ya zo ya sa hannu, kuma wanda ya riga zuwa ya riga zaɓa. Mun ɗauki wannan a matsayin adalci, har mukan yaba wa kanmu a taron malamai. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne maƙwabtanmu. Iyayen yawancin yaranmu leburori ne a kamfanonin fata da na saƙa da na taliya. Wanda makon ya faɗo masa a aikin safe yakan shiga tun ƙarfe shida, kuma ba ya ganin waje sai jiniyar ƙarfe biyu ta kaɗa. Ma'aikacin gwamnati kuwa da mai shago suna gaban teburina tun ban gama goge shi ba. Kafin azahar layin kimiyya ya cika. Wato a makarantarmu ba kan yarinya ne ke zaɓa mata hanya ba, jadawalin aikin ubanta ne.

Shekarar da nake magana, biyu da rabi ta gota ina tattara takardu. Ban yi azahar ba, kuma tun koko da ƙosan safe ban sa komai a bakina ba. Sai na ji sallama ta taga. Wani dattijo ne dogo, ya jingine kekensa a jikin darbejiya, ya cire takalmi tun daga bakin baranda kamar zai shiga masallaci. A bayansa wata yarinya ce siririya cikin sabon hijabi da ko karin guga bai bar shi ba.

"Ku shigo mana, Malam," na ce.

"A'a, nan ma ya isa. Daga kamfanin fata nake, ban biya gida na yi wanka ba. Kada in ɓata muku ofis."

Ofishin da yake tsoron ɓatawa ɗaki ne da ɓeraye suka daɗe da gama ɓatawa, amma ban matsa ba. Yarinyar ta shigo ta durƙusa ta miƙo sakamakonta na ƙaramar sakandare. Na duba. Lissafi da kimiyya duk ta yi abin kirki, irin sakamakon da malami kan duba sau biyu.

"Me kike son zama?" na tambaya, don tambayar tana cikin aikin.

Ta dubi taga tukuna, sannan ta ce a hankali, "Aikin asibiti, Malam."

Uban ya yi dariya, ya ɗago hannayensa ya nuna mini. Duk sun tsattsage, sinadarin jima ya cinye gefen faratan. "Ga asibitinta na farko nan. Kullum na dawo sai ta zaunar da ni ta wanke ta shafa magani, har da faɗa. Likitar gidanmu ke nan."

"Ajin kimiyya ya cika," na ce. "Saura adabi da kasuwanci."

"To, Malam, ai ku kuka san hanya. Mu namu mu kawo. Duk inda kuka ga ya dace ku sa ta."

Na ja takardar kasuwanci na rubuta sunanta. Don in sanyaya mata rai na ƙara da cewa, "Can ma ana yin Bayoloji." Gaskiya ce, ana yi. Irin gaskiyar nan ce da ba ta da amfani ga kowa sai mai faɗinta. Na miƙa takardar ta taga, ya dangwala yatsa, ya yi godiya ya sake godiya, ya yi wa iyayena addu'a. Suka tafi, ni kuma na tafi alwala.

Da safiyar ranar nan na ƙara suna biyu a ƙasan takardar kimiyya bayan ta cika, saboda iyayen sun zo da 'yar wasiƙa daga wani da ba a ce masa a'a. Ajin bai rushe ba. Na uku ma ba zai rushe shi ba. Kuma maganar sauya aji a zangon farko, tun ƙarfe takwas na faɗe ta, lokacin mutumin nan yana cikin kwamin jima. Ban maimaita ba.

Shekara uku na koyar da ita. Ba ta cikin masu surutu, amma in na ba da insha'i nata nake ajiyewa ƙarshe, yadda mutum kan ajiye tsokar nama a gefen kwano. A aji biyu aka ba ta akwatin taimakon gaggawa na makaranta, wanda babu komai a ciki sai auduga da aidin da almakashi marar kaifi. Duk wadda ta faɗi a filin taro ko ta yanke a aikin shara, ita ake kira. Wata rana malamin Kemistiri, abokin shan shayina, ya gan ta tana ɗaure wa wata yatsa, ya juyo ya ce mini, "Malam Turanci, wannan me take yi a kasuwanci? Wane gwanin ne ya kai ta can?"

"Tsari ne," na ce.

"Tsari dai. Ni an cika mini aji da masu jin Kemistiri kamar ana yi musu Sinanci."

Muka yi dariya. A lokacin zangon farko ya wuce da shekara guda, sai na gaya wa kaina babu abin yi. Wannan jimla ta yi mini aiki sosai a rayuwa.

Sakamakon fita ya zo, ta ci kiredit takwas. Shugabar makaranta ta karanta sunanta a filin taro, aka tafa. Bayan 'yan watanni ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Dattijon ne, wannan karon cikin wankakkiyar riga, ranar hutunsa ce. Ya shigo har ciki ya zauna a bakin kujera, ya zaro takardu daga leda.

"Malam, mun je makarantar koyon jinya sayen fom, sai wani yaro a tagar ya ce wai takardarta ba ta cika ba. Na ce masa ɗana, sake dubawa, takwas ce fa, biyar ake nema. Ya ce babu abu biyu. Na ce to a cire biyu daga rarar ukun nan a cike mana. Ya yi ta dariya har ya kira abokinsa. Shi ne na ce bari in zo wurin masu abin, wataƙila a nan aka manta ba a rubuta ba."

Na yi shekaru ina koya wa yara yadda ake jera magana, amma ranar nan sai da na yi ta kewaye-kewaye. Na bayyana masa cewa darussan nan biyu, Kemistiri da Fizis, ba ta taɓa yin su ba, ba a ajinta ake yin su ba. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai.

"Wato tun ranar farko ke nan."

"Tun ranar farko."

"Allah Sarki. Da na roƙi wani ya riƙe mini aikin safen nan." Ya ɗauki laifin ya aza wa kansa a gabana, ni kuma na bar shi ya ɗauka.

Akwai sauran hanya, na gaya masa. Ana yarda a haɗa sakamakon zama biyu. In ta yi rajistar jarrabawar 'yan waje, ta ci Kemistiri da Fizis a zama ɗaya, sai a haɗa da na farko. Malamin Kemistiri ya yarda ya riƙa koya mata ranar Asabar, ya kuma samo mata mai Fizis. Karatun shekara uku suka dura mata a wata bakwai. Na taɓa leƙa su ta taga, tana riƙe da kwalbar gwaji da hannu biyu kamar jaririn wani. Sakamako ya fito: ta tsallake Fizis da ƙyar, Kemistiri ya rage mata taki ɗaya ta kai kiredit. Tun da zama biyu kawai ake haɗawa, Fizis ɗin ma ya tashi a banza, dole sai ta sake duka biyun tare.

Ta ce za ta sake. Kafin lokacin rajista ya zagayo, kamfanin uban ya rage ma'aikata, sunansa na ciki. Ta samu aiki a wani kamfanin biskit a Sharada, tana jera kwali. Mako ɗaya safe, mako ɗaya rana, Asabar ma ana shiga. Ta zo darasi sau uku, ta aiko da haƙuri sau biyu, daga nan shiru. Rajistar shekarar ta wuce, ta gaba ma ta wuce.

A wani hutun ƙarshen zango na hau mashin na nemi ƙauyensu, can bayan Panshekara. Na tarar da dattijon a ƙofar gida yana gyaran kacar keke. Ya rasa inda zai sa ni, ya aika a shimfiɗa tabarma a zaure, ya ƙwala kira a kawo wa Malam ruwa. Ita ce ta kawo, cikin shirin fita, aikin rana take a makon. Ta durƙusa ta gaishe ni ta koma bakin ƙofa ta tsaya.

Na faɗa musu duka. Na ce cikar ajin ba cikar da ba ta da magani ba ce, a ranar na ƙara wasu. Na ce na ga sakamakonta, na ji abin da ta ce tana so, na kuma san abin da ake nema. Na ce akwai damar sauyi ban gaya musu ba. Na nemi su yafe mini.

"Haba Malam, haba Malam," dattijon yake ta cewa tun ban kai ƙarshe ba. "Ku daina wannan magana. Ku da kuka koya mata karatu? Wallahi ba ku yi mana komai ba sai alheri. Abin da Allah bai rubuta ba ne. Ku sha ruwa."

Na juya wajenta. "Ke fa?"

"Na yafe, Malam. Ai na sani. Ranar ina durƙushe takardar kimiyyar tana kan teburin, na ga sunaye biyu a ƙasa da jan biro. Akwai sauran wuri a ƙarƙashinsu."

"To me ya hana ki magana?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar da ɗan aji ɗaya ba zai yi ba.

"Baba ya riga ya yi godiya."

Uban ya sunkuyar da kai yana murza baƙin man keke a yatsunsa. Na ce mata rajista na nan tafe, malamin Kemistiri ya ce ko ranar Lahadi ce zai zauna da ita, ni kuma zan je Sharada da kaina in roƙi a daidaita mata aiki.

"Allah Ya saka da alheri, Malam. Littattafan na ba wa 'yar maƙwabtanmu, bana ta shiga ajin kimiyya. Kada in karɓe mata."

"Sai a sayi wasu."

"To, Malam," ta ce, irin "to" ɗin da na shekara talatin ina ji daga bakin ɗalibai, na kuma san ma'anarta. Ta ce motar kamfani ba ta jira, ta yi mana sallama ta fita.

Dattijon ya rako ni har bakin titi, yana tura mini mashin ɗin da kansa duk da na hana. Da zan hau ya ce in tsaya, ya koma gida da sauri. Ya dawo da ƙwan zabi a leda ya rataya mini a hannun mashin, ya ce a kai wa yara.