Ranar da Farantin Zumreta Ya Dawo Wayam

Duk unguwar bayan gada babu wanda bai san hannun Zumreta ba. Shekara talatin da biyu ta yi tana gasa burek, wani irin sambusa na garinsu, a gidan abincin tashar mota, tana jan kwaɓin fulawa har sai an hango zanen tebur ta cikinsa. Ta yi ritaya da jiki tubarkalla, da gwiwa ɗaya mai ƙara kamar tsohon ƙyaure.

Likita ya ce ba zai yi wa gwiwar aiki ba sai sukarinta ya sauka. Ita kuwa ta rantse sai ta taka rawar kolo, wadda ake yi a da'ira riƙe da hannun juna, a bikin jikarta Lamija. Shi ne aka sa ta ajin gyaran cin abinci na ranar Talata a asibitin gari.

Sanela, nas ɗin da ke koyar da su, ta ce, "Inna Zumreta, yau ɗin nan ki fitar da duk kayan zaƙi daga gidanki."

A zubar da abinci? Allah ya kiyaye! Sai ta raba baklavarta, wani gashin fulawa mai zuma, a faranti bakwai, ta bi maƙwabta tana miƙawa, tana ta murna. Haba Zumreta, sai ka ce baƙuwa! A garin nan wa ya taɓa mayar da faranti ba komai? Kafin la'asar bakwai ɗin sun dawo, wannan da soyayyen nama, wancan da kek yana ɗigar zuma. Ta sake rabawa, suka sake dawowa. Mako uku farantai na zagaya layi, ita kuma tana ɗan ɗanɗanawa don kada a ce ta raina. Da ta hau sikeli, kilo biyu ta ƙara. 'Yan aji har da riƙe ciki.

Ta yi dariyar tare da su, amma a gidan Mevlida, ƙawarta ta shekara arba'in kuma ɗaya daga cikin maƙwabtan, kuka ta fashe da shi.

Washegari da hantsi sai ga Mevlida ta tsallako titi, ta ɗaga faranti sama, wankakke tas, ko murfi babu. Tagogi suka buɗe. Wata ta dafe ƙirji tana salati, wata ta ce, "Wallahi Mevlida ta zautu!"

Kunya ta sa kunnuwan Mevlida sun yi ja. Ta dangwarar da farantin a cinyar Zumreta ta ce, "Ungo, uwar kwaɗayi. Ni na ɗauki abin kunyar, ke ki yi mana rawar."

Zumreta ta rungume farantin tana dariya tana hawaye. Kafin Juma'a sauran shidan ma sun dawo wayam.

Sukari ya sauka, aka gyara gwiwa. Ranar biki ta taka har ɗankwalinta ya faɗi, Mevlida na riƙe da hannunta na hagu. Har gobe a layin ana kiran Mevlida marowaciya, ita kuwa amsawa take yi.