Sauran Iskar Jonatan

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton fasfo a unguwar Yara ya san Jonatan, ko da bai san sunansa ba. Dogon dattijo ne, mutumin Gitata, mai karkato maka kunnen dama idan kana magana, domin na hagun ya daɗe da mutuwa. Mutanen Keffi kuwa, da ba sa ƙyale mutum ba su laƙa masa suna ba, Baba Kifi suke ce masa.

Yana saurayi ya bi motar doya zuwa Legas, ya faɗa aikin wani kamfani mai gyaran gindin jiragen ruwa. Can ya koyi nutso da silindar iska goye a baya. Daga baya wasu masu ɗaukar hoton halittun teku suka tafi da shi Bahar Maliya. Da fari fitila yake riƙe musu, har aka fara miƙa masa kyamara. Ya ga duwatsun murjani masu rassa, ja da ruwan hoda, kifaye rawaya da shuɗi suna kai-kawo a tsakaninsu kamar ranar kasuwa, ya ga kunkurun teku mai faɗin tiren 'yar talla. Wata rana ya yi gaggawar sauka, dodon kunnensa na hagu ya fashe. Likita ya ce na daman ma ya jigata. In har zai sake nutso, sai da silinda, yana sauka a hankali yana tsayawa. Ranar da ya sake yin gaggawa, shi da jin magana har abada.

Ya dawo gida da silinda ɗaya, da tabarau na ruwa, da kwali cike da hotuna. Ya kama shago, ya sa aka buga masa hoton murjanin da ya fi so a babban ƙyalle, ya rataya a bango. Ɗaliban jami'a suna son tsayawa gabansa a ɗauke su. Amma idan ya ce shi ya ɗauka da hannunsa, sai su ƙyalƙyale da dariya.

"Haba Baba, faɗi gaskiya, a intanet ka sauke!"

Abin da garin yake so a wurinsa ba kifi ba ne, gawa ce. Da damina, in kogi ya ci mutum ko wani ya faɗa tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cika, sai a sheƙo shagonsa da gudu. Ya shiga, ya lalubo, ya fito musu da nasu. Kuma da ya fito sai kowa ya ja baya, ba mai miƙa masa hannu, wai wanda ke daɗewa haka a ƙarƙashin ruwa ba shi kaɗai yake ba. Abin yana ci masa rai, amma bai taɓa ƙin zuwa ba.

Babu inda ake cika irin silindarsa kusa, sai an kai ta Legas, ga shi ƙarfi da hali sun ja baya. Da allurar da ke nuna yawan iskarta ta kusa faɗuwa ya ce wa matarsa Anjelina, wannan sauran na ɗan Adam ne, ba zai taɓa shi don komai ba. Anjelina ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinsu. Kullum da safe tana shara tana rera waƙa, shi kuma yana zaune a kan turmi ya juya mata kunnen dama. Ya sha faɗa cewa duk abin da ya gani a teku bai kai wannan ba.

Sai sabon babur ɗin Mijinyawa ya gangara cikin ramin dutse wajen wanki. Mijinyawa ɗan kasuwa ne, kuma shi ne mai shagon da Jonatan ke haya. Ya zo da fara'a da kirari, yana roƙon a ciro masa babur ɗin. Da ya ga kirari bai yi ba, sai ya ɗaga kai yana duban rufin shagon.

"Baba, ka san fa akwai masu cajin waya da ke ta damuna a kan wurin nan."

Jonatan ya shiga, ya ɗaura wa babur igiya, aka jawo shi. Jama'a suka ɓarke da tafi, ana ta ɗauka a waya. Duk gawarwakin da ya ciro a garin nan, ranar ce farkon da aka tafa masa. Ya koma gida da silinda fanko.

Damina ba ta ƙare ba Natan, ɗan Febi mai sayar da itace, ya zame ya nutse a wannan ramin bayan ya tashi daga fasa dutse. Shi ke nan gare ta, mijinta ya rasu. Taro ya cika ƙofar shago. Jonatan ya nuna musu allurar a kwance, ya ce iska ta ƙare. Febi ta durƙusa ta riƙe ƙafarsa.

"Baba, gawarsa kawai nake so. In binne shi kusa da ubansa."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Babur ɗin mai kuɗi akwai iska, ɗan talaka babu!" Wani ya ce ai waɗannan hotunan na 'yan ruwansa ne, shi ke ba su mutane. Ba a tsaya tambaya ba. Aka fizgo ƙyallen aka keta, aka juye kwalin a kwata, samari suna tattakawa. Mijinyawa yana tsallaken titi a kan babur ɗinsa, yana kallo.

Anjelina ta cafke masa riga tana kuka. "Baban Zipora, likita fa! Ka tuna abin da likita ya ce!"

Ya tuna sarai. Ya cire hannunta a hankali. A bakin ramin ya rungumi ƙaton dutse don ya ja shi ƙasa da sauri, tunda numfashi ɗaya gare shi, ba damar tsayawa. Yana yin nisa ya ji kamar an kafa masa ƙusa a kunne, daga nan bai ƙara jin komai ba. Ya laluba cikin taɓo har hannunsa ya kama ƙafa.

Ya fito da Natan, jini na bin wuyansa. Aka karɓe gawar, aka ja baya kamar kullum. Febi ta juyo tana faɗa masa wata magana. Godiya ce ko tsinuwa, har yau bai sani ba.

Yanzu cajin waya ake yi a shagon. Jonatan yana gida. Da safe Anjelina na shara, shi yana kan turmi ya karkato mata kunnen dama yadda ya saba. Tun daga wannan ranar, waƙa ta ƙi fita a maƙogwaronta, baki kawai take motsawa saboda shi. Shi kuwa yana kallonta, yana murmushi, yana gyaɗa kai.